Ɗakin Hajiya Hadiza a Jirgin Ruwa

Har in bar wannan aiki ba na jin zan manta da ranar da Alhaji Usman ya shigo maktab ɗin nan, wato ofishinmu, yana neman a shirya wa iyalinsa tafiya a jirgin ruwa. Ku da kuka zo daga baya kun tarar ana sayar da tafiyar ruwa kamar yadda ake sayar da tikitin Madina, amma a lokacin sabon abu ce. Shekarar da aka sake buɗe tafiye-tafiye ce bayan annobar korona, a farkon sanyi. Ni kuwa tun da aka ɗauke ni ban san wani aiki ba sai na masu Umra: biza, masauki, motar Jidda, ziyarar Madina. Don Hausata ma aka ɗauke ni, in riƙa fahimtar da baƙin Kano da Zinder abin da mudir, shugaban ofis, yake nufi in ya fara zuba Larabci.

Bari in yi wa sababbinku bayanin yadda abin yake. Jirgin kamar otal ne da aka ɗora a kan ruwa. Yana tashi daga Jidda ya bi gaɓar Bahar Maliya ya yi arewa, ya tsaya Yanbu, ya wuce ta inda duwatsu ke gangarowa har bakin teku, ya kai Aƙaba, sannan ya juyo. Jirgin ba namu ba ne. Kamfanin yana da wakili a Jidda, mu namu shi ne hajzi, wato mu kama ɗakuna da sunayen fasinjoji, mu tabbatar kafin wa'adin da aka ba mu ya cika. Duk canjin da za a yi, komai ƙanƙantarsa, sai ta hannun wakilin nan, kuma mutum ne mai gajen haƙuri. Mudir ya ɗora mini wannan sashe ne don kowa ya zame, ya ce in na iya shi zan zama shugabarsa. Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Alhaji Usman yana da shagon turare da darduma a unguwar Jarwal. A Makka aka haife shi, ya ba sittin baya, Larabawa na ce masa Abu Majid, amma in ya juya harshe sai ka rantse jiya ya baro Kano. Gidansa kaf yake so a kwasa, mata da 'ya'ya da surukai da jikoki, mutanen da za su cika bas guda. Ina jin haka na gyara zama, mudir ma ya leƙo daga ofishinsa ya sa a kawo gahawa.

“Malama Rabi,” in ji Alhaji, “ɗakin da ya fi kowanne kyau na Hajiya ne. Mai baranda, kuma ya zama yana jikin nawa.”

“Hajiya uwargida?”

“Mahaifiyata. Don ita ake tafiyar. In ba ta je ba, ba mai zuwa.”

“Ta dai amince ko?”

Ya ɗan duba ƙasa. “An gaya mata. Ba ta ce a'a ba.”

Na kama ɗakunan a ranar. Na ba Hajiya Hadiza, haka sunanta yake, ɗaki a hawa na sama, ɓangaren da ke kallon gaɓa in jirgi ya yi arewa, don ta riƙa ganin duwatsu daga kan gadonta. Na koma gida ina jin kaina, har na gaya wa mijina ya fara saba kirana shugaba.

Ba a jima ba Samira ta bugo. 'Yar Alhaji ce, ma'aikaciyar jinya, irin 'ya'yanmu na nan da Hausarsu ke tafiya da sanda.

“Ya Ummu Nura, Sitti ta ce akwai mushkila. Bahira tana juyawa, ita ba za ta san alƙibla ba.”

Ummu Nura ni ce, Sitti kakarta take nufi, bahira kuwa jirgin. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na kira wakili, ya tabbatar mini akwai wurin salla a jirgin, kuma ma'aikata na nuna alƙibla ga duk wanda ya tambaya. Ban tsaya nan ba, na je na tambayi wani malami a unguwarmu hukuncin salla a kan ruwa, na aika wa Samira amsar da murya cikin Hausa don ta kunna wa tsohuwa. Samira ta ce ta kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah Ya yi wa malam albarka.

Bayan haka sai maganar abinci. Hajiya ba ta karyawa sai da kunu, kuma ba ta cin girkin wanda ba ta ga fuskarsa ba. Dokar jirgi ta hana shiga da butar lantarki, saboda gobara. Na yi ta fama da wakili har ya yarda a shiga da garin kunu a rufe, a riƙa kawo mata ruwan zafi a fulas kowace safiya. Ya ce mini shi a rayuwarsa bai taɓa rubuta wa jirgi wasiƙa a kan kunu ba. Na ce to ga shi ya fara.

Daga nan Samira ta ce Sitti ba ta son baranda, ganin ruwa yana sa ta jiri. Raina ya sosu, don ɗakin nan sai da na yi rigima na same shi, amma na mayar da ita ɗakin ciki marar taga. Da aka nuna mata hoton, sai ta ce wannan ai kabari ne, ita ba ta mutu ba tukuna. Na koma neman mai baranda, na tarar an ba wani. Na roƙi wakili kamar ina roƙon gafara, ya samo wani a hawa na ƙasa da shi, dole na sauko da ɗakin Alhaji ma don su kasance jiki da jiki kamar yadda ya ce. Ina gamawa aka ce Hajiya ba ta shan ruwa sai zamzam. Jirgi ba ya barin a shiga da abin sha, amma na samo mata izini na musamman. Ranar da izinin ya fito har rawa na taka a bayan teburina.

Washegari Samira ta bugo ta ce jawazin Sitti ya ɓata, wato fasfonta. An birkice gidan ba a gani ba.

A nan kaina ya ɗaure. Na saba da tsofaffi masu ƙorafi, aikina ke nan shekara da shekaru. Amma tsohon da ka gyara wa matsala yakan yi murna, ko aƙalla ya yi shiru. Ita wannan, duk wadda na gyara sai a ce ta yi mini addu'a, sannan ta haifo wata. Na kira Alhaji in ji ko ya san abin da ake ciki, sai ya ce, “Duk abin da ta ce a yi mata, Malama Rabi. Kada ki gaji.” Na tambaye shi ko zai zauna da ita ya ji ainihin abin da take so. Ya ce zai sa Samira ta tambaya. Mudir kuma ga shi a kaina, wa'adin tabbatar da hajzi ya matso, in Hajiya ta faɗi bas guda ya faɗi. Ya ce, “Ya Rabi'a, halas, ki gama da wannan tsohuwa.” Na ce in ya san yadda ake gamawa da ita ga kujerata.

Na yi wa Samira bayanin yadda ake neman madadin jawazin da ya ɓata, sannan na ce a'a, bari in je da ƙafata. Bayan la'asar na sa abayata na nufi unguwar Mansur. Gidan yana can cikin lungu, bayan masu tsire da ƙosai, tsohon gini ne mai hawa uku, Hajiya na zaune a ƙasa. Na tarar da ita a kan katifa da carbi a hannu, 'yar tsohuwa siririya mai idanu kamar na mai awon zinariya. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa, ta lissafo mini kakannina har da wanda ban sani ba. Na fito da waya na fara nuna mata hotunan jirgi, ga gaɓar Yanbu, ga ruwa shuɗi, ga duwatsu jajaye da yamma. Ta kalli ɗaya ta kau da kai. Ta ce wa Samira ta je ta dafa shayi, kuma kada ta yi sauri.

Samira na fita, Hajiya ta ɗaga gefen katifa ta zaro jawazin ta ajiye a gabana.

“Ke ce kike ta gyarawa?”

“Ni ce, Hajiya.”

“Allah Ya shirye ki. Ban taɓa ganin yarinya mai naci irinki ba. Duk ƙofar da na rufe sai ki zo da mabuɗi.”

Na saki baki ina kallonta. Ta ce, “Abu ɗaya nake so ki yi mini. Ki je ki gaya wa mai turare jirgin ya cika, ko ki ce ba sa ɗaukar tsofaffi. Ke kika san irin abin da kuke faɗa.”

“Wane mai turare, Hajiya? Jarwal cike take da su.”

“Wanda ya ba ki aikin.”

“Alhaji Usman?”

Ta sunkuyar da kai ta ja carbinta, kamar na yi ashar a ɗakin. Sai a lokacin na gane. Ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Na san ana kunyar ɗan fari, na ji a bakin kakata, amma mu jikokin waɗanda suka zo ne, a gidanmu Ummi da sunansa take ƙwala wa yayana kira tun daga saman bene. Ban taɓa zaton zan tarar da abin da ransa ba a gidan da jikoki ke sayen abinci ta waya. Hajiya ta ce tun yana jariri ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Asabe, ta ɗauke shi ta raine shi, kuma duk tsawon shekarun nan ita ce ke kai magana tsakaninsu. Bara bayan Hajji Gwaggo ta rasu. Su Samira kuwa in ka ba su saƙo sai su kai shi da Larabci, su bar rabinsa a hanya, su yi ta dariya wai Sitti na jin kunyar Abuya, wato babansu.

Na ce, “To Hajiya, me ya sa ba kya son zuwa? Wallahi jirgin nan ko motsinsa ba za ki ji ba.”

Ta ajiye carbin a cinyarta. Sannan ta ba ni labari, ba tare da ta ɗaga murya ba. Tana ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka. Sun yi shekaru a hanya, suna tsayawa suna aikin auduga a Sudan su tara guzuri su ƙara gaba. A Sawakin suka shiga jirgin katako, mutane a cunkushe. Mahaifiyarta ta shiga da zazzaɓi a jikinta, ta cika a tsakiyar ruwa. Maza suka yi mata salla a tsaye a matse, suka naɗe ta da zanenta, suka sake ta a teku. Hajiya ta ce tana riƙe da gefen jirgin tana kallo, kuma da gari ya waye suka hango duwatsun Hijaz.

“Uwata ta yi tafiyar shekaru don a binne ta a Makka, ruwa ya karɓe ta ana dab da ganin gaɓa. Ni Allah Ya ba ni abin da ta rasa. Tun da na shigo garin nan ban kwana a wajensa ba sai Mina da Arfa da Madina. Yanzu da ƙafata ɗaya ke cikin kabari, sai in ɗauki ɗayar in koma kan ruwan nan?”

Na tuna rawar da na taka a kan izinin zamzam, kunya ta kama ni. Na tambaye ta ko Alhaji ya san wannan. Ta ce abin da aka gaya masa shi ne kakarsa ta rasu a hanya, kuma haka ake faɗa a kan duk wanda bai iso ba. Ta ce amana ta ba ni, ban da kai masa. Ya kashe dukiyarsa don ya faranta mata, ba za ta mayar masa da kyautarsa ba, gara a ce daga kamfani ne.

Na fito daga gidan ban san inda zan sa kaina ba. In na ce jirgi ya cika, ƙarya ce, kuma ƙaryar da ɗansa Majid zai tona da waya kafin in rufe baki. In na faɗi gaskiya, na ci amanar tsohuwa. In na yi shiru na tabbatar da hajzi, za a tura ta kan ruwa tana murmushi tana addu'a, tana ɓoye tsoronta. Da safe na gwada yi wa mudir bayani ba tare da na taɓa labarin teku ba. Ya dafe kai ya ce, “Uwa da ɗa a gida ɗaya, ita a ƙasa shi a sama, sai sun biyo ta maktab ɗina za su yi magana? Wallahi ku Hausawa ban gane ku ba.” Na ce ya yi haƙuri, yau ni ma ban gane mu ba.

Na rasa wanda zan tambaya, sai na tafi Jarwal wurin Alhaji. Na same shi yana zuba wa wasu baƙi turare a kwalabe. Da suka tafi na ce, “Alhaji, ni tambaya ce da ni, ba ta aiki ba. Me ya sa sai jirgin ruwa? Ga Ɗa'if nan kusa, ga Madina.”

Ya rufe kwalbar da ke hannunsa a hankali. “A Ɗa'if muna da dangi, a Madina ma haka. Duk inda muka sauka mutane za su cika mata ɗaki, ni kuma in gaishe ta daga bakin ƙofa in wuce, kamar kullum. A jirgi ba wanda ya san mu. Ba shago, ba baƙi. Na ce ko a can, in yara sun tafi wasanninsu, za a bar mu a baranda ni da ita.” Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Malama Rabi, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, amma ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da mahaifiyata ba. Da Gwaggo na raye ban damu sosai ba, ina jin muryarta a bakin Gwaggo. Yanzu ko lafiyarta sai dai in ji a wurin yara. Ita kuma shekaru sun ja.”

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Ga ni ɗauke da maganar mutum biyu, kowace ta fi ƙarfina, kuma ba ko ɗaya da ke cikin abin da aka koya mini a wannan aiki. Ban yi wani dogon tunani ba, don in na yi ba zan iya ba. Na ce masa wa'adi ya zo, kuma ba zan tabbatar da ɗakin Hajiya ba sai na ji daga bakinta yana wurin. Ya ce hakan bai taɓa faruwa ba. Na ce to ya fara faruwa yau bayan la'asar.

Da na isa na tarar ya riga ni. Yana tsugune a bakin ƙofar ɗakinta, bayan labule, ya cire takalmi, dattijo da farin gemu ya haɗa hannuwa kamar ɗalibin da aka kira gaban malam. Hajiya ta juya fuskarta bango. Akwai wata 'yar kujerar tsuguno tsakanin katifa da ƙofa, Samira ta raɗa mini cewa nan Gwaggo ke zama. Na ja ta na zauna.

“Hajiya, ga ni na dawo. Ba zan ce jirgi ya cika ba, don bai cika ba. Abin da kika ba ni amana yana nan ban taɓa shi ba. Amma duk abin da kika faɗa mini yanzu, zan juya in maimaita shi a bakin ƙofa.”

“'Yar nan ba ki da kunya.”

“Kaɗan ce da ni, Hajiya, ita ma aro na yi.”

Na ji ta yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko tsaki. Ta ci gaba da jan carbinta, ana jin hayaniyar masu ƙosai daga lungu. Na fara tunanin na ɓata komai, na rasa ciniki, na kuma ɓata wa tsohuwa rai a banza. Can sai ta fara magana, tana fuskantata, da murya daidai yadda za ta kai bayan labule. Ta maimaita labarin Sawakin tun daga farko. Da ta kai ƙarshe na juya don in cika alkawari, na buɗe baki na ce, “Alhaji, Hajiya ta ce,” sai na ga ba amfani. Ya rufe fuska da gefen gutrarsa, ƙyallen kan nan na Larabawa, kafaɗunsa na rawa.

Da ya ɗago ya ce, “Ki gaya mata ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ki ce ta yafe mini. An fasa tafiyar, kowa ya zauna.”

Na juya na maimaita, kalma da kalma, ko da yake ta ji. Sannan na sake juyawa, don na ga in aka tashi a haka, shi ya tafi da nasa a ciki. Na ce, “Alhaji, kai ma akwai saƙon da za ka ba ni.”

Ya girgiza kai. Na ce ni ba zan tashi daga kujerar nan ba, kuma gwiwoyina sun fara ciwo. Da ƙyar, yana kallon ƙasa, ya ce, “Ki ce mata ba ruwan nake so ta gani ba. So na yi in zauna inda take, ba kowa. Shi ke nan.”

Na kai saƙon. Hajiya ba ta motsa ba, amma carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, “Yaran nan sun ɗinka kaya, sun gaya wa ƙawayensu. Ba za a hana su don ni ba. Su tafi da iyayensu mata, Majid ya kula da su.” Ta ɗan tsaya. “Ki ce wa mai turare gidan zai zama ba kowa. Ni kuma ba na iya cin abinci ni kaɗai.”

Wannan ban maimaita shi ba. Na tashi na fita tsakar gida, na tarar da Samira tana tambayata da ido me ya faru, don rabin Hausar ya wuce ta.

Washegari na kira wakili na ce a cire ɗakuna biyu, na Hajiya da na Alhaji, sauran a tabbatar. Ya ce, “Ɗakin da kika canza sau biyu? Da kunu da zamzam?” Na ce shi. Ya ce in na sake kiransa a kan wata tsohuwa zai bar aikin ya koma kamun kifi. Mudir ya yi ta jujjuya maganar, wanda aka shirya tafiyar dominta ba ta je ba, wanda ya biya bai je ba, kuma kowa na godiya har da aiko da turare. Ya tambaye ni ko wannan nasara ce ko asara. Na ce ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ya ba ni sashen dai, ina jin don ba wanda ya yarda ya karɓa.

Iyalin suka tafi suka dawo, jikoki sun yi baƙi da rana, suna ta ba da labarin duwatsu da kifaye. Bayan wani lokaci Alhaji ya biyo ta maktab yana neman tikitin wani baƙonsa. Na yi ta daurewa, daga ƙarshe na kasa, na tambaye shi yadda suka yi magana a makon nan ba mai kai saƙo.

Ya ce, “Ba mu yi wata magana ba. Nakan sauko bayan magariba, ta zuba tuwo, mu ci. Ita tana kallon gefe, ni ina kallon kwano.” Ya murza hularsa. “Ana jibi za su dawo, na cire hannu, sai ta turo kwanon gabana ta ce, ‘Ƙara.’ Ni ta faɗa wa, Malama Rabi. Ba kowa a ɗakin.”

To abin da nake so ku riƙe ke nan, musamman ku masu saurin hannu a kan kwamfuta. An koya mana in fasinja ya kawo matsala mu warware ta, kuma da haka ake auna ƙwazonmu. Amma mutanenmu ba kasafai suke cewa ba sa so ba, sai dai su ce alƙibla, su ce abinci, su ce taga. In kun warware ta farko da ta biyu aka kawo ta uku, ku ɗaga hannu daga kan na'ura, ku nemi wanda ake yi wa tafiyar ku zauna da shi. Ku kuma tambayi mai biya abin da yake nema a can da ya rasa a gida. Wani lokacin za ku tarar ba ya cikin abin da muke sayarwa, kuma a ranar aikinku shi ne ku cire ɗaki biyu ku yi shiru.